Sabon kundin yaron Tudun Wada: ci gaba ne ko ya saki hanya?

Ɗan_Tsafe: Assalamu alaikum 'yan zaure. Dokar gidan nan ta hana talla, don haka ba zan kama suna ba, amma duk wanda ke Gusau ya san wanda nake nufi. Yaron nan na Tudun Wada da ya yi suna da waƙoƙin soyayya da na amare, wanda ba shi da kamfani, ba shi da ubangida, shi ke rubuta abinsa shi ke biyan kuɗin sitidiyo. To ya saki sabon kundi, waƙoƙi 9. Na saurara daga farko har ƙarshe, wallahi da ba a gaya mini ba, ba zan ce shi ne ba. Fiyano ya ja baya, an shigo da kotso da kalangu na gaske, ga 'yan amshi maza, muryar kuma babu gyaran na'ura. Ta soyayya guda ɗaya ce tak, sauran duk noma ne da gudun hijira da tsadar rayuwa. Ku da kuka ji, ci gaba ya yi ko ya saki reshe ya kama ganye?

'Yar_Mafara: Wa alaikumus salam. Ni dai gaskiya ban ji daɗi ba. Mu da muke sa waƙoƙinsa a wajen kamu da yinin biki, wacce za mu sa a cikin waɗannan? Amarya na zaune an sha lalle, a sa mata waƙar gudun hijira? Bakin cikin da muke ciki ya ishe mu, waƙa muke nema ta ɗan mantar da mu.

Direban_Funtua: Hajiya, ni kuwa ta huɗun nan ce ta kama ni. Na sa ta a mota muna hanyar Tsafe, motar ta yi tsit. Wani dattijo a baya ya ce direba maimaita mana. Da muka tsaya sai da ya sa aka tura masa a wayarsa.

Bagobiri_Mai_Shayi: Wace ce ta huɗun? Data ta yi mini tsada, a ba mu labari.

Direban_Funtua: Ta matar nan da ta baro ƙauye da 'ya'yanta tana toya awara a bakin titi a Gusau. Abin da ya burge ni, bai ce ku tausaya mata ba ko sau ɗaya. Lissafi kawai yake yi da bakinta: rumbun da ta bari, akuyoyinta, bishiyar da ke ƙofar gida, maƙwabciyar da ba ta san inda ta nufa ba. Sai 'yan amshi su dawo da maganar damina ta tsaya, wa zai shuka gonar.

Baba_Maradun: Salamu alaikum ɗiyana. Jikana ya sa mani waƙoƙin ga na ji. Yaron yana da ƙoƙari, Allah shi yi mai albarka. Amma akwai abin da nika son ku lura da shi. Kotso ba kiɗin kowa na ba. Kiɗin fada na. Da shi Narambaɗa yay yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, da shi Sa'idu Faru yay yi wa Sarkin Kudu Macciɗo, da shi Ɗanƙwairo yak kai ga Sardauna. Taushi ma hakanan, shi Jankiɗi ka kaɗa ma Sarkin Musulmi Abubakar. Manomi kau yana da gangatai ta noma, ɗan dambe da mahauci suna da kalangu. Kowane kiɗi da gidansu. To yaro ya ɗauko kotso ya aza ma mai tuyar awara. Mu da munka tashi cikin abin ga, kunnenmu bai saba ba. Da ya tambayi manya da sun hwaɗa mai.

Kotso_Zalla: Baba Allah ya ƙara girma. Da izininka, ni ina ganin da gangan ya yi. Ku sake sauraren yadda ya buɗe waƙar: kirari ya fara yi mata irin wanda ake yi wa basarake, sannan ya shiga lissafin dukiyarta, wadda ba ta wuce rumbu da awaki ba. Wato ya ɗauko kiɗan da ake girmama sarki da shi ya girmama wadda aka raba da gidanta. In da kalangu ya sa, da maganar ta zube.

Baba_Maradun: To ɗana, in hakanan na, ya yi hikima. Amma hikimar da sai an yi ma mutum bayani kahin shi gane ta, da saura. Narambaɗa ba ya bukatar mai fassara.

Malamin_Hausa: Ranka ya daɗe Baba, a nan kam zan ɗan ja da kai cikin ladabi. Narambaɗa har gobe ana rubuta kundayen digiri a jami'o'i don warware maganganunsa, ka ga ashe yana bukatar mai fassara. Sannan su kansu manyan ba a inda suka fara suka ƙare ba. Ɗanƙwairo a gidan kiɗan noma ya tashi, tare da mahaifinsa da yayansa Kurna, kafin a san shi da waƙar sarauta, ya kuma ci gaba da waƙa har rasuwarsa a 1991. Narambaɗa ma da kiɗan noma ya soma. Sauya salo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Ni abin da ya fi jan hankalina ba kayan kiɗan ba ne, ginin waƙar ne. A waƙoƙinsa na da, tsarin nanaye yake bi: baiti mai layi huɗu ko biyar, kowane layi ya ƙare da harafi ɗaya, ko ma'ana ta zo ko ba ta zo ba. Kun san irin abin, in an fara da "na" sai an nemo duk kalmar da ke ƙarewa da "na" an jera, har mawaƙi ya faɗi abin da bai yi niyya ba saboda amsa-amo ya ja shi. A wannan kundin ya koma tsarin makaɗan baka, abin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da sauran masana ke kira gindin waƙa da ɗiyanta. Gindi ɗaya ne, 'yan amshi na dawowa kansa, ɗiya kuwa wani gajere wani dogo, gwargwadon abin da maganar ke bukata. Wannan ya ba shi sarari ya ba da labari. A ta huɗu akwai ɗan da ya yi tsawo sosai, bai tsaya neman harafi ba sai da matar ta gama maganarta. Da yana kan tsohon tsarinsa ba zai iya wannan ba.

Inda ban gamsu ba shi ne ta bakwai, ta tsadar kaya. Can ya koma wa'azi tsagwaro, ku ji tsoron Allah 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah shugabanni. Gaskiya ce, amma kowa na iya faɗin ta. Babu mutum a cikin waƙar, babu hoto.

'Yar_Mafara: Malam duk wannan bayanin na makaranta ne. Ni tambayata ɗaya, ana iya taka rawa da shi?

Bagobiri_Mai_Shayi: Hajiya a yi haƙuri a sa tsofaffin, ai bai goge su ba.

Mai_Sitidiyo: Bari in sa baki ta ɓangaren sana'ata, don wannan aikin nake ci da shi. Mutane na ganin cire fiyano a sa kalangu abu ne mai sauƙi. Ba haka ba ne. Kiɗan da kuka saba ji a waƙoƙin yanzu mutum ɗaya ne ke haɗa shi a kwamfuta, yawanci da manhajar FL Studio, cikin 'yan sa'o'i ya gama, mawaƙi ya shigo ya ɗora murya. Ko kalangun da kuke ji a ciki sau da yawa ba kalangu ba ne, sautinsa ne aka adana ake dannawa. Amma ka kawo makaɗa na gaske ɗaki, sai ka biya su, ka ciyar da su, ka nemo makirufo fiye da ɗaya, ga janareta na shan mai, kun kuwa san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Sannan makaɗin gargajiya ba ya bin ƙwanƙwasar da kwamfuta ke yi don daidaita gudu. In waƙa ta yi daɗi sai ya ƙara wuta, haka ya gada. Kalangu kuma da hammata ake matsa shi, sautinsa na hawa yana sauka yana bin maganar mawaƙi, ba ya zama wuri ɗaya kamar maɓallin fiyano. Shi ya sa in ka haɗa su ba ka iya ba, sai su riƙa faɗa da juna.

Na ji kundin da kunnen aiki. Ta biyu da ta huɗu sun zauna daram. Ta shida kuwa an danne kotson, an tura shi can baya, gita ta hau kansa. Kotso fata ɗaya gare shi, da hannu ake buga shi, zaƙinsa a ƙasa-ƙasa yake, in ba ka ba shi fili ba a lasifikar waya ɓacewa yake yi. Wanda ya haɗa sautin ya ji tsoro ne, ya ce kada matasa su gudu.

Kotso_Zalla: Mai_Sitidiyo ka faɗi abin da ke raina game da ta shida. To maganar muryar fa? Wasu na cewa ashe dama ba shi da murya, na'ura ce ke rufa masa asiri.

Mai_Sitidiyo: Akwai ƙamshin gaskiya. In ya hau sama muryar na rawa, musamman a ta farko. Amma na'urar gyaran murya aikinta ta jawo kowane sauti ta ajiye shi a kan ma'auni, Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka da jan wasali. In aka matsa gyaran da yawa, sai ka ji kalma ta fito ba yadda Bahaushe ke faɗinta ba. Yanzu da ya cire, kana jin kowace kalma, har Zamfarcinsa ya fito, wanda da yake ɓoyewa yana kwaikwayon bakin Kano.

Ɗan_Argungu: To ga mu nan mutanen Kabi muna jin ku. Kun cika baki da Zamfara kamar ku kaɗai kuka haifi makaɗa. Ina kuka bar Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri? Ina kuka bar Gambu? Kuma Baba, da girmanka, Isa da ka ambata ai jihar Sakkwato take, kada a cinye musu Narambaɗa da rana tsaka.

Baba_Maradun: Ɗan Kabi, lokacin da Narambaɗa ka waƙa babu wata jiha, lardi guda muke. Ku an yanke ku 1991, mu 1996. Jiya-jiya ta. Tafi ka kama kihinka.

Ɗan_Argungu: Na karɓa Baba. Amma da gaske, tunda na ambaci Gambu: mutumin nan ɓarayi ya yi wa waƙa, Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe, Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta. Kowannensu ya san wa zai ba shi riga in ya gama. Shi wannan yaron naku wa zai ba shi? Mai tuyar awara? Wannan ce tambayar da ban ji an amsa ba.

Uwar_Biyu: Allah ya yi maka albarka, nan nake jira a zo. Ni ƙanena yana harkar, na san cikinta. Mawaƙin da ba shi da kamfani hanyar abincinsa uku ce: biki, waƙar ɗan siyasa, sai wanda ya biya a ambaci sunansa. Intanet da ake ta faɗi, YouTube ba su fara biyan ka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara, kuma kallon da aka yi daga Najeriya kuɗinsa bai kai na Turai ba. Mutanenmu ma nawa ne ke saurare a Audiomack ko Spotify? Mutum ɗaya zai sauke, ya tura wa unguwa guda ta Xender, ko a kai memori wajen masu tura waƙa a kasuwa a cika shi. Mai turawa ya samu na cefane, mawaƙi ya tashi da sannu. To wanda ya bar waƙar amare ya toshe ƙofa ɗaya da hannunsa. Ina tausaya masa, yana da iyali.

Ɗan_Tsafe: Kuma kada a manta da abin da ya faru a Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya. Har Funtua mutane ke zuwa don su yi kira. Duk mai dogaro da intanet a nan ya ga iyakarsa a lokacin.

Talaka_Bawan_Allah: Ku bar wahalar da kanku. 2027 na tafe. Za ku ji shi da kotson nan yana wasa wani ɗan takara. Duk haka suke farawa.

Kotso_Zalla: Ko ya yi, ai bai goge ta huɗu ba. Kuma kotso ya koma gidansu ke nan, Baba ya huta.

Abu_Sumayya: Ni shawarata gare shi da ku baki ɗaya, a ji tsoron Allah. Ana kashe mutane, ana sace mutane, ku kuna nan kuna gardamar ganga. Da ya rubuta ta a matsayin waƙa ba kiɗa, kamar yadda malamanmu na jihadi suka yi, da ya fi masa.

Mai_Gadin_Zaure: Malam Abu_Sumayya mun gode da nasiha. Hukuncin kiɗa an sha tattauna shi a nan, kuma akwai zauren da aka ware masa. A tsaya kan kundin don Allah.

Baƙuwar_Gusau: Ban cika magana a nan ba, karatu nake yi in wuce. Amma ni abin da ake waƙar a kansa ya same ni. Mun baro garinmu, ba zan faɗi sunansa ba, muna zaune gidan ɗan'uwan mijina. Da na ji ta huɗu ban iya ƙarasa ta ba a ranar. Abin da nake so in ce wa Hajiya 'Yar_Mafara, ba laifi ki so waƙar biki, mu ma muna so. Amma tun da muka zo, in an yi maganarmu a rediyo adadi ake faɗi, mutum kaza sun rasa muhalli. Wannan ne karo na farko da na ji wani ya san cewa mace na tuna tukunyarta da ta bari a kan murhu.

Sai dai ina da ƙorafi ɗaya. A ta biyar, ta manomin da sai ya biya kafin a bar shi ya shiga gonarsa, ya biya kuma kafin ya girbe, bai faɗi ko su wa ake biya ba. Kowa ya sani. Me ya sa ya yi ta kewaye-kewaye?

'Yar_Mafara: Allah sarki 'yar'uwa, Allah ya mayar da ku gida lafiya. Ban faɗa don in ɓata miki ba.

Talaka_Bawan_Allah: Tsoro ne, ba wani abu ba. In za ka faɗi gaskiya ka faɗe ta duka.

Direban_Funtua: Kai da kake ɓoye bayan sunan aro kake kiran wani matsoraci? Shi da fuskarsa yake yawo, kuma hanyar nan da nake bi ita yake bi in zai je biki. Ka san su ma suna da waya, suna jin waƙa.

Malamin_Hausa: Baiwar Allah Baƙuwar_Gusau, Allah ya kawo ƙarshen wannan musiba. Ƙorafinki yana da hujja, ba zan ce ba shi da ita ba. Abin da zan ƙara kawai, habaici tsohon makami ne a waƙar Hausa. Makaɗan fada in za su taɓa abokin hamayyar ubangidansu ba su kama suna, siffanta shi suke yi har kowa ya gane, shi kuma ba shi da bakin kai ƙara. A ta biyar yaron ya yi wani abu makamancin haka: bai ambaci mai karɓa ba, amma ya lissafa duk wanda manomin ya kai wa kuka bai samu amsa ba. In kin lura, zargin ya fi nauyi a kan waɗannan. Ko hakan ya wadatar ga wanda abin ya shafa, ke za ki faɗa, ba ni ba.

Baƙuwar_Gusau: Bai wadatar ba Malam. Amma na fahimta.

Baba_Maradun: Na koma na saurari ta huɗun ga da kyau bayan maganar yaron nan Kotso_Zalla. Har yanzu ina nan kan bakana game da kotso. Amma 'yan amshinai sun iya karɓi. Ba su jira shi ƙare, suna tarbe shi tsakiyar magana su ƙarasa mai, yadda anka san 'yan amshin Maradun da shi. Wanga ba a koyon shi ga kwamfuta. Duk inda yas samo su, ɗiyan gidan kiɗi na. Shi riƙe su da kyau, shi biya su hakkinsu, don na ga ko sunansu ba a rubuta ba.

Mai_Sitidiyo: Wannan gyara ne Baba, kuma laifinmu ne mu masu sitidiyo gaba ɗaya. Ana rubuta sunan mawaƙi da na mai haɗa sauti, a bar makaɗa kamar ba su yi komai ba.

Sabon_Jini: Ku duk tsofaffi ne shi ya sa. Ni da abokaina ba wanda ya kai ƙarshen waƙa ɗaya. Ta huɗun da kuke yabo ta fi minti 8. Wa ke da wannan lokacin? A TikTok daƙiƙa 30 ake yanka, in babu inda za a yanka waƙa ta mutu. Amma ta soyayyar, ta takwas, ta fara yawo, 'yan mata na hawa.

Uwar_Biyu: Ita ma ta takwas ɗin ai ba irin ta da ba ce. Ba saurayi da budurwa ba ne, miji ne ke ba matarsa haƙuri ya tafi neman kuɗi kudu ya daɗe bai aiko ba. Ni ta fi kwanta mini fiye da duk na baya da yake cewa zai mutu in ba ta amsa waya ba.

'Yar_Mafara: To wannan kam na yarda tana da daɗi. Da ya yi irinta guda huɗu ya bar mana, sannan ya yi na gudun hijirarsa, da babu mai faɗa.

Ɗan_Tsafe: Hajiya kin dawo da mu kan tambayar farko. Ni bayan duk abin da aka faɗa, ina ganin rubutunsa ya ci gaba nesa ba kusa ba, sautin kuma bai gama nuna ba, ƙafa ɗaya na gargajiya ɗaya na sitidiyo. Aljihunsa ne ban san yadda zai kwashe ba.

Talaka_Bawan_Allah: Na gaya muku yadda zai kwashe. Ku ajiye wannan saƙon nawa.

Ɗan_Argungu: Mai_Sitidiyo, tambaya ta gefe. In mutum na son a ɗauki kalangu biyu da kuntuku a ɗaki ɗaya, makirufo nawa ake bukata? Akwai wasu dattawa a wajenmu da nake so a ɗauki kiɗansu tun suna da ƙarfi.

Mai_Sitidiyo: Kowace ganga da nata, sai ɗaya a tsakiyar ɗaki ya kwashi gaba ɗaya, na mai waƙa daban. Kada ka raba su ka ce kowa ya yi nasa shi kaɗai, ba za su iya ba, da ido suke magana da juna. Ka samu ɗaki mai labule ko katifu a bango, a kashe fanka, janareta kuma a kai shi nesa. Ka same ni ta akwatin sirri in turo maka sauran bayanin.